Yadda ake tsara tallafin kuɗi ya zauna a hannun mace, ya kuma ƙara mata ƙarfi a gida

Rubuta sunan mace a takardar masu karɓar tallafi ba shi da wuya, kuma manyan shirye-shirye haka suke yi tun daga Progresa na Meziko a 1997, zuwa Bolsa Família na Barazil a 2003, zuwa shirin Benazir na Pakistan a 2008, har na Najeriya da aka soma a 2016 da naira 5,000 a wata. Inda aikin yake shi ne kuɗin ya kwana a hannunta, ita ta ce ga abin da za a yi da shi, kuma ranar da shirin ya ƙare ta tashi da wani abu da za ta kira nata. Wannan bayani na masu tsara irin waɗannan shirye-shirye ne da masu kai su ƙauye: jami'an jiha da ƙaramar hukuma, ma'aikatan ƙungiyoyi, da kwamitocin gari.

Ku fara sanin abin da kuɗi ke iya yi shi kaɗai

Kuɗi na ƙara abinci a tukunya, yana rage cin bashi, yana kuma ba mace damar tara ɗan abin hannu. Wannan an gani a wurare da yawa. Tsoron nan da ake yi cewa kuɗin zai tafi a taba da giya, Bankin Duniya ya tattara bincike daga ƙasashe daban-daban bai samu haka ba. A nan gida, shirin tallafin masu juna biyu da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi a Jigawa da Zamfara daga 2013 zuwa 2019, wanda Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar a Buji, Gagarawa, Kirikasamma, Anka da Tsafe, ya riƙa ba mace naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, tun daga ciki har yaro ya cika shekara 2. Tsumburewar yara ta ragu, mata da yawa sun kama sana'a, sun kuma sayi dabbobi.

Abin da kuɗi bai cika taɓawa ba shi ne manyan shawarwarin gida: sayar da gona, aurar da yarinya, zuwa asibitin birni, fitar mace ita kanta. A Zambiya, inda aka ba iyaye mata tallafin yara, ajiyar mata ta ƙaru sosai, amma bakinsu a shawarwarin gida kaɗan ya ƙaru. Don haka kada ku rubuta a takardar shiri cewa naira dubu kaɗan za su juya tsarin gida. Ku ɗauki abu uku da za a iya gani da ido: ikonta a kan kuɗin tallafin, kadara ko sana'a tata ta kanta, da zaman lafiya tsakaninta da mutanen gidan.

Wace mace za a rubuta?

A gidan mace ɗaya amsar a fili take. A gidan mata biyu ko uku ne yawancin rigima ke fitowa, kuma tun ranar rajista ake shuka ta.

Takardun rajista kan ɗauki gida a matsayin mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya. To a gidan da ake karɓa-karɓar girki, tukunyar ɗaya ce, amma sabulu, man shafawa, kuɗin allo, maganin zazzaɓin yaro, kowace mace da nata ɗakin take ji. Idan aka ba uwargida kaɗai, kamar yadda aka fi yi a shirin ƙasa na Nijar, 'ya'yan amarya suna iya cin tuwon ranar girki kawai, sauran amfanin ya tsaya a ɗaki guda. Idan aka ba amarya don ita ke goyo, uwargida na iya ɗaukarsa raini, maigida kuma ya shiga tsaka mai wuya a kan adalci.

Hanya uku ce, kowace da inda ta dace. In tallafin na ciki da goyo ne, ku ɗaura shi a kan halin da mace take ciki, duk wadda ta cika sharaɗi ta shiga, ko kishiyarta na ciki. In na talaucin gida ne gaba ɗaya kuma kasafi zai ɗauka, ku raba kuɗin gwargwadon ɗakuna, kowace da katinta. In kasafi ba zai ɗauka ba, a zauna da maigida da dukkan matan a lokaci guda, a faɗi adadin kuɗin da baki, su zaɓi mai karɓa, a kuma rubuta yadda suka amince a raba. Abin da ya fi kowanne muni shi ne jami'i ya tsaya a zaure ya tambayi maigida shi kaɗai, ya rubuta sunan da aka ba shi, ya wuce.

Ku duba gidajen da ba sa zuwa taro: zawarawa da suka koma gidan iyaye, matan da mazansu suka tafi cin rani suka bar su ƙarƙashin suruka, tsofaffin da ke riƙon jikoki. Su ne ake yawan tsallakewa, domin ba su da namijin da zai tsaya musu a gaban mai unguwa. Ku kuma rubuta tun farko abin da zai faru in aure ya mutu: tallafin da ke da nasaba da yaro ya bi wadda yaron ke hannunta, a kuma sauya adireshi ba tare da an nemi sa hannun tsohon miji ba.

Maigida da liman kafin biyan farko

Kada biyan farko ya sauka kafin a yi taron maza. Namijin da ya ji labarin kuɗin a majalisa, ko ya ga saƙo ya shigo wayar matarsa bai san daga ina ba, shi ne wanda zai hana ta zuwa taro gobe. A taron, ku faɗi adadin kuɗi, ranar biya, ranar da shirin zai ƙare, da dalilin ba mace.

Akwai wata asara da ba ta fitowa a rahoto, ita ce maigida ya janye kuɗin cefane. Mace ta karɓi dubu goma, shi kuma ya daina ba da na miya da na niƙa, a ƙarshen wata gidan bai ƙaru da komai ba, ita kuwa an ɗora mata nauyin da ba nata ba. A nan liman ya fi jami'i amfani, domin hukuncin a bayyane yake: ci da sha da tufafi da muhalli suna kan miji, dukiyar mace kuwa tata ce, ba a taɓa ta sai da yardarta. In wannan magana ta fito daga bakin malamin garin, ta fi kowace fosta shiga. Shi jami'i abin da zai ce bai wuce haka ba: “Malam, wannan ƙari ne a kan abin da kake yi, ba madadinsa ba. Ka ci gaba da naka, ita kuma ta juya wannan, gidanka ne zai gani.”

Surukai mata ma a yi musu nasu zaman. A gidan gandu, sau da yawa uwar miji ce ke riƙe da mabuɗin rumbu, kuma kuɗin sabuwar amarya hannunta yake fara zuwa.

Hanyar biya

Wannan ne wurin da ƙaramin gyara ke kawo babban bambanci. Bayan farin 2009 zuwa 2010, ƙungiyar Concern ta raba tallafi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa a Nijar, wata 5 a jere. Wasu mata an ba su a hannu, wasu an tura musu ta waya. Kuɗin ɗaya ne, amma gidajen da aka tura wa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu kuma sun fi samun ci. Dalili biyu masu binciken suka kawo. Matan ba su ɓata yini a hanya da layi ba. Sannan kuɗin ya shigo ba tare da duk gari ya sani ba, don haka mace ta samu sararin tunani kafin kowa ya miƙo hannu.

Ku kwatanta da ranar biya a filin makarantar firamare: mota ta tsaya, an kafa teburi, mata sun jeru cikin rana da goyo tun hantsi, maza suna zaune a kan babura a gindin bishiya suna jira, mai shago da littafin bashinsa yana bakin ƙofa. Kafin mace ta kai gida an riga an raba kuɗin.

Sai dai waya ba ta aiki sai an cika wasu sharuɗɗa. Layin ya zama da sunanta aka yi masa rajista, asusun ma haka, wanda a Najeriya yana nufin a taimaka mata ta samu lambar ɗan ƙasa (NIN) da lambar banki (BVN) kafin biyan farko. A kawo masu rajistar cikin gari, da mace a cikinsu saboda ɗaukar hoto. A Pakistan sharaɗin katin shaida ya sa mata masu yawan gaske sun mallaki katin ɗan ƙasa karon farko, kuma wannan kansa riba ce da ta wuce shirin. A Indiya, a jihar Madiya Faradesh, da aka koma zuba ladan aikin gwamnati a asusun matan maimakon na mazajensu, aka kuma koya musu amfani da asusun, matan sun ƙara fita aiki.

Lambar sirri ita ce ƙofar ɓarna. Mace da ba ta karatun boko takan ba ɗanta ko mai POS lambar, daga nan katin ya zama nasu. Ku ware zama biyu ko uku a koya wa kowace danna lambarta da hannunta, a kan na'ura ta gaske, kuma kada a rubuta lambar a bayan kati. Ku daidaita da masu POS a kan caji guda da kowa ya sani, ku liƙa shi, ko shirin ya biya shi da kansa. Lissafin kuɗin hanya ma ku yi shi: a misali, in mace za ta kashe 1,500 a babur zuwa da dawowa, mai POS ya cire 300, to daga 10,000 kashi 18 cikin ɗari ya tafi kafin ta sayi komai. In wurin cirewa ya yi nisa haka, ku kawo wakili cikin gari a ranar da aka sani. Ku kuma tabbatar yana da takardun kuɗi a hannu. Ƙarancin naira na farkon 2023 ya nuna cewa kuɗi a asusu ba ya sayen gero a kasuwar da ba a karɓar tiransifa.

Ga matan da ke kulle, wakiliya mace da ke shiga gida ta fi wakilcin miji. In dole sai an naɗa mai karɓa a madadi, ita ce za ta zaɓe shi, kuma ta iya soke shi duk ranar da ta so.

Nawa, kuma yaushe

Ƙa'idar da masu nazarin shirye-shiryen Afirka suka fi kafa hujja da ita ita ce tallafi ya kai kusan kashi 20 cikin ɗari na abin da gida ke kashewa. Gidan da ke kashe 100,000 a wata, kusan 20,000 ke nan. Ƙasa da haka sosai, kuɗin abinci zai cinye shi, ba abin da zai rage na jari. Ku sa a takarda cewa za a sake duba adadin duk shekara da farashin kwanon hatsi a kasuwar yankin. Naira 5,000 ta 2016 ba ita ce ta 2024 ba, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari.

Tsayuwar ranar biya ta fi yawan lokutan biyan muhimmanci. A Kebbi an gwada ba mata naira 75,000 cikin wata 15, wasu duk wata, wasu duk wata uku, kuma sakamakon bai bambanta sosai ba: duka sun ƙara shiga sana'a. Ke nan in biyan wata-wata ya yi tsada, a yi na wata uku ba laifi. Abin da ke karya mace shi ne jinkiri. Ta shiga adashi da sa ran kuɗin, ta ci bashin mai shago da sa ransa, in wata biyu suka wuce shiru sai ta sayar da akuyar da ta saya da biyan baya, da araha kuwa.

Tallafin ci ya fi amfani a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai zo ba. Jari na dunƙule kuwa da kaka ya fi, sa'ad da gyaɗa da wake da shinkafa ke araha, mai yin mai da ƙuli-ƙuli ko mai turara shinkafa ta sayi na ajiya. Kada ku saki kuɗin sayen dabbobi gab da Babbar Salla. Kuma in mata da yawa za su sayi awaki a mako guda, ku haɗa su da malamin dabbobi a yi rigakafi, a kuma ware sababbin daga na gida na ɗan lokaci, domin dabbobin kasuwa da aka tara wuri ɗaya su ke kawo annoba.

Abin da ake haɗawa da kuɗin

Mafi ƙarfin shaida a kan wannan daga Nijar ta fito. A shirin ƙasa da ya riƙa ba da sefa 10,000 a wata, an ƙara wa mata ƙungiyar ajiya, mai ba da shawara da horon sana'a. A kan haka wasu aka ba su jarin sefa 80,000 a dunƙule. Wasu ba a ba su jari ba, sai aka nuna fim a dandalin gari, maza da mata da shugabanni suka tattauna a kan sana'ar mata, aka kuma yi wa matan horon mako guda a kan tsara buri, magana a gaban mutane da warware matsala. Wasu sun samu duka biyun. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna duka rukunan sun ƙara samun kuɗin shiga, amma in aka auna riba da abin da aka kashe, na fim da horo ya fi, domin ya fi araha nesa ba kusa ba. Jarin ya fi ƙara wa mace iko a kan abin da take samu, horon da taron gari kuwa sun fi gyara mu'amalarta da mutanen gida da na gari. Wanda kasafinsa ya gaza, to kada taron gari ya zama abin da zai fara yankewa.

Ƙungiyar ajiya ba baƙon abu ba ce. Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi aka fara ta a 1991 tare da ƙungiyar CARE, kuma daga can tsarin ya bazu duniya. Mata 15 zuwa 25, zama duk mako, akwati mai kwaɗo uku da mabuɗansa a hannun mata uku daban, ƙaramin asusun taimako na haihuwa da rashin lafiya, a fasa a raba bayan kusan shekara. Amfaninta ga mai karɓar tallafi biyu ne. Kuɗin da ke cikin akwati ba ya fita don wani ya roƙa, kuma “na zuba a ƙungiya” amsa ce da ba ta jawo faɗa. Sannan zaman mako-mako dalili ne na fita da kowa ya yarda da shi. A bar matan su zaɓi junansu, su kuma tsara yadda za su ba da rance ba tare da ruwa ba in haka suka fi natsuwa da shi.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: sana'ar matar da ba ta fita, ƙafar 'yarta ce ke kai ta kasuwa. In ƙosai ko awara ya ƙaru, talla ta ƙaru, yarinya ta bar aji. Ku tambayi kowace mai neman jari wa zai sayar mata. Ku karkata zuwa abin da ake saye a gida ko a sari, kamar mai, daddawa, kiwo, ɗinki da saƙa, ko a haɗa ta da mai shago ko dillaliya.

Sharuɗɗa

Sharaɗin kai yaro awo ko makaranta a wuyan uwa yake sauka, kuma an daɗe ana sukar Progresa a kan haka: an ƙara wa mata aiki a kan aikin da suke yi. A Zomba ta Malawi, tallafi mai sharaɗi ya fi riƙe 'yan mata a makaranta, amma marar sharaɗi ya fi rage auren wuri da ciki, domin waɗanda suka bar makaranta ba a yanke musu kuɗin ba. In asibiti ba ma'aikaci ko makaranta ba malami, yanke wa mace tallafi zalunci ne. Ku yi nasiha da bibiya, kada ku yi tara. Taro kada ya wuce awa ɗaya da rabi, a sa shi bayan an sauke tukunyar rana, kuma a kauce wa ranar kasuwa da lokacin shuka.

Duka da cin zarafi

Yawancin binciken da aka yi ya nuna tallafin kuɗi na rage duka a gida, domin rigimar cefane na raguwa. A Mali, inda galibi maza aka ba, raguwar ta fi fitowa a gidajen mata fiye da ɗaya. A Bangaladesh, bayan an daina biya, matan da suka samu tallafi haɗe da zaman ƙungiya kan abinci mai gina jiki ne dukan ya ragu a kansu, waɗanda suka samu tallafi zalla kuwa ba a ga bambanci ba. Amma matsakaicin sakamako ba ya kare kowace mace. Kafin a fara, ku san inda za a tura wadda abin ya shafa, ku horar da ma'aikata mata su saurara a asirce, kuma kada wani jami'i ya ɗauki ƙorafin mace ya kai wa mijinta da sunan sulhu ba da izininta ba.

Hanyar ƙorafi kada ta bi ta hannun wanda ya yi rajista ko mai biya. A kowane taro a faɗa da babbar murya cewa shiga shirin kyauta ne, ba na goro, ba kason kowa, kuma duk wanda ya nemi mace da wani abu don ya sa sunanta, ga lambar da za a kira.

Yadda za ku gane ko ana samun abin da ake nema

Tambayar “wa ke yanke shawara a gidan nan?” ba ta da amfani. Kusan kowa zai ce maigida, ko ya ce tare, saboda kunya da ladabi. Ku aika mace ta zauna da ita a ɗakinta, ba miji, ba kishiya, ba suruka, ta yi tambaya a kan biyan da ya wuce: “Yaya, wancan kuɗin wa ya je ya ciro? Nawa ya iso hannunki? Katin yana ina yanzu, zan iya gani? Me kika fara saya? Kuɗin cefanen da Malam ke bayarwa yana nan yadda yake? Akuyar nan in kika so sayarwa, sai kin tambayi wa?” Ganin katin a hannunta ya fi amsa goma. Ku yi haka bayan biya na biyu, sannan duk wata shida, ga mata kaɗan da aka zaɓa da ƙuri'a a kowane gari, ba waɗanda mai unguwa ya nuna ba.

Ranar ƙarewa kuma a riƙa tuna musu ita. Saura wata shida a faɗa, saura wata uku a sake faɗa. Ku daidaita biyan ƙarshe da kaka in zai yiwu, ku tabbatar ƙungiyar ajiya ta yi rabo aƙalla sau ɗaya ba tare da jami'i a wurin ba, kuma kada a rufe asusun matan ko a karɓe katinsu don shiri ya ƙare. Bayan shekara guda ku koma garuruwan da tambayoyin nan dai, ku ƙara da biyu: ƙungiyar na zama har yanzu, kuma sana'ar da ta kama tana nan?